Rigar Aro da Labarin Zuciya: Tarken Hotunan Samuel Fosso

Gabatarwa

Akwai karin magana guda biyu da kan yi wa Bahaushe jagora idan ya tashi auna gaskiyar mutum. Na farko shi ne, "labarin zuciya a tambayi fuska." Na biyu kuwa, "kayan aro ba ya rufe katara." Idan aka auna hoto da waɗannan biyu, hukuncin da zai fito a fili yake: hoton gaskiya shi ne wanda mutum ya tsaya da fuskarsa yadda Allah ya halicce ta, wanda kuwa ya yi shigar wani, to, yaudara ya shirya. Da irin wannan ma'auni ne da yawa daga cikinmu kan karanta waƙa da labari. Da zarar marubuci ya ce "ni", ya ambaci hawaye da raɗaɗin zuci, sai mu ce ya faɗi gaskiya. Idan kuwa ya sanya maganarsa a bakin wani tauraro, ko ya lulluɓe ta da raha, sai mu ce ai ƙirƙira ce kawai.

Manufar wannan maƙala ita ce sake duba wannan hukunci. Za mu yi haka ne ta hanyar tarken ayyukan Samuel Fosso, wani mai ɗaukar hoto wanda ya shafe kimanin shekara 50 yana ɗaukar kansa da kansa, kuma a mafi yawan hotunan cikin rigar aro yake. Za mu dubi zubi da tsarin hotunan, wato tufafi da labule da haske da yanayin tsayuwa, mu ga yadda suke ɗauke da abin da ke cikin zuciyarsa. Daga nan sai mu nuna inda muke ganin ya cim ma nufinsa, da kuma inda ya gaza.

Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Samuel Fosso a garin Kumba na ƙasar Kamaru a shekarar 1962. Mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Ibo ce. Ya zo duniya da lalurar shanyewar wani ɓangare na jiki, kuma kamar yadda shi da kansa yakan ba da labari, saboda wannan lalura ba a ɗauke shi hoton jinjiri ba kamar yadda aka saba yi wa sauran yara. Daga baya aka kai shi wurin kakansa a yankin Afikpo, cikin Jihar Ebonyi ta yanzu. Kakan nasa mai maganin gargajiya ne, kuma a hannunsa yaron ya samu lafiya. Bai daɗe da miƙewa ba yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya ɓarke. Ya rasa mahaifiyarsa yana ƙaramin yaro, ya ɗanɗani gudun hijira da yunwa.

A shekarar 1972 kawunsa ya tafi da shi Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda ya fara taya shi sana'ar haɗa takalma. Bayan 'yan watanni yana koyon ɗaukar hoto a wurin wani mai sana'ar, sai ya buɗe nasa shagon a shekarar 1975, yana ɗan shekara 13. Da rana yakan ɗauki masu son hoton fasfo da na biki. Idan dare ya yi, aka samu ragowar fim ɗin da bai cika ba, maimakon ya wanke shi haka nan a yi asara, sai ya rufe ƙofa ya tsaya a gaban kyamara ya ƙarasa shi da kansa. Wasu daga cikin waɗannan hotuna yakan aika wa kakarsa da ya baro a Nijeriya. Duniya ba ta san da su ba sai a shekarar 1994, lokacin da aka baje su a taron farko na masu ɗaukar hoto na Afirka a birnin Bamako. A shekarar 2023 ya karɓi kyautar Deutsche Börse, wadda ke cikin manyan kyaututtukan wannan fage.

Mun kawo wannan tarihi ne domin abu biyu da za mu riƙa komawa gare su. Na ɗaya, yaro ne da aka hana wa hoto saboda jikinsa. Na biyu, hotunansa na farko suna da wadda aka yi dominta, kuma tana nesa.

Hotunan Dare

Wanda ya dubi hotunan da Fosso ya ɗauki kansa daga 1975 zuwa ƙarshen shekarun 1970, abin da zai fara gani shi ne ƙwalisa. Ga saurayi siriri sanye da matsattsiyar riga da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, da takalma masu tudu, da baƙin tabarau. Wani lokaci ya riƙe ƙugu, wani lokaci ya ɗora ƙafa a kan kujera. Shigar ta mawaƙan zamanin ce, musamman Prince Nico Mbarga, wanda waƙarsa ta 1976 ta game Afirka ta Yamma. Mai gaggawar hukunci zai ce wannan kwaikwayo ne na ƙuruciya, babu komai na zuciya a ciki.

Amma mu dubi tsarin hoton da kyau. A da yawa daga cikinsu ana ganin fitilun shagon a gefe, ana ganin bakin labule da shimfiɗar ƙasa. Mai hoton bai yi ƙoƙarin ɓoye cewa a cikin ɗan ƙaramin shago yake ba. Wato hoton da kansa yana shaida wa mai kallo cewa wannan shiga shiri ce. Yaudara kuwa ba ta yiwuwa sai an ɓoye ɗinkin. Wanda ya ari riga ya ce tasa ce shi ne karin maganar nan ta katara ke yi wa gargaɗi. Wanda ya are ta a bainar jama'a, kowa ya san ta aro ce, wani abu dabam yake son faɗa da ita.

To, me yake son faɗa? A nan ne tarihin da muka kawo ke da amfani. Jikin da ke riƙe ƙugu a hoton, shi ne jikin da aka ga bai cancanci a ɗauka ba. Ƙafafun da ke cikin takalma masu tudu, su ne waɗanda a dā suka kasa ɗaukar mai su. Kakar da za ta karɓi hoton kuwa ta san wannan duka. Saboda haka kowane abu da ke cikin hoton saƙo ne gare ta, cewa yana raye, yana tsaye da ƙafafunsa, yana ci yana sha har da rarar sayen tufafi. Da ya aika mata da hoton fuskarsa cikin damuwa da kewar gida, da ya faɗi wani ɓangare na gaskiya, amma da ya ɗora wa tsohuwa nauyin da ba za ta iya sauke masa ba. Kewar tana nan a cikin hoton, domin ba don ita ba da ba a aika shi ba. Bugu da ƙari, a wancan lokaci gwamnatin Jean-Bédel Bokassa ta hana sanya irin waɗannan matsattsun kaya na samari, don haka shagon da aka rufe da dare shi ne wurin da yaron ke da ikon zama yadda yake so.

Wannan salo ba baƙo ba ne a wurinmu. Uwa Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, amma babu wanda ya taɓa ɗaukar wannan kara a matsayin rashin so. Kowa ya san girman abin ne ya sa ake rufe shi. Haka kuma idan ɗan dambe ko maharbi ya shiga fage ya yi wa kansa kirari da giwa ko guguwa, ba mu cewa ya yi ƙarya. Mun san siffantawa ce, mun kuma san cewa mutumin da ba ya jin ɗar a zuciyarsa ba ya bukatar kirari. Hotunan dare na Fosso kirari ne da aka yi da tufafi.

Sarkin da ya Sayar da Afirka

A shekarar 1997 wani kantin sayar da kaya masu rahusa a birnin Faris mai suna Tati, wanda ke shirin cika shekara 50, ya gayyaci Fosso tare da fitattun masu hoton nan na Mali, Seydou Keïta da Malick Sidibé. Fosso ya zaɓi ya ɗauki kansa cikin launi, ya fito a kamanni daban-daban, har da shigar mata. Wanda ya fi shahara a cikin jerin shi ne hoton da ya raɗa wa suna da Faransanci, mai ma'anar sarkin da ya sayar da Afirka ga 'yan mulkin mallaka.

A wannan hoto yana zaune a kan kujera, ya yafa fatar damisa, ya sa hula, shigar da ke tuna wa mai kallo Mobutu na tsohuwar Zayar. Wuyansa da hannuwansa cike suke da sarƙoƙi da zobba masu ƙyalli. Ya sa wani siririn tabarau mai farin baki, ya rungumi damin manyan furanni ruwan ɗorawa a inda ya kamata a ga sandar mulki. Ƙafafunsa ba takalmi, ga kuma jajayen takalma an ajiye a gefe. Bayansa da ƙarƙashinsa atamfofi ne masu zane iri-iri, har ido ya rasa inda zai huta.

A ganinmu wannan shi ne wurin da tsari da abin da ke zuci suka fi haɗuwa a duk ayyukansa masu launi. Yawan adon shi ne zambon. Kowane abu da aka ƙara wa sarkin rage masa kwarjini yake yi, har ya koma kamar hajar da aka baje a kanti, kuma a kanti ɗin aka yi hoton. Fuskar kuwa a daskare take, babu fushi babu murmushi. Da Fosso ya ɓata rai ko ya zare ido domin ya nuna mana yana jin haushin irin waɗannan shugabanni, da hoton ya zama wa'azi. Da ya bar fuskar babu komai, sai fushin ya koma cikin kayan. Mu tuna cewa mai hoton ya ga abin da rigimar manya ta jawo wa ƙauyensu yana yaro, ya kuma zauna a Bangi lokacin da Bokassa ya naɗa kansa sarkin sarakuna a watan Disamba na 1977. Ba labari aka ba shi ba.

A nan ma muna da abin kwatance a gida. A lokacin tashe, yaro kan manna auduga a haɓa, ya ɗauki sanda, ya ranƙwafa ya zama tsoho. Kowa ya san yaro ne, kuma sanin hakan ne ke ba shi damar faɗin abin da ba zai iya faɗa da fuskarsa ba. Abin da Fosso ya yi ke nan da fatar damisa.

Inda Aka Tuɓe Rigar

Kada a ɗauka muna cewa ado ne kaɗai hanyar gaskiya. A shekarar 2000 Fosso ya yi wani jeri na baƙi da fari domin tunawa da wani abokinsa kuma maƙwabcinsa ɗan Senegal, wanda aka kashe a tarzomar da aka yi a Bangi a 1997. A nan babu tabarau, babu atamfa. Shi kaɗai ne a cikin ɗaki, kusan babu sutura a jikinsa, cikin yanayin mutumin da tsoro ya rufe. Mai kallo Bahaushe zai ji nauyin waɗannan hotuna, domin tarbiyyarmu ba ta saba da bayyana jiki haka ba, kuma ba mu ganin laifin wanda ya kau da kai. Sai dai a fuskar tarke dole mu yarda cewa tuɓewar tana da dalili. Mutumin da aka saba gani cikin ado ne ya fito babu komai, saboda haka rashin kayan ya zama magana. Da tun farko haka yake fitowa, da ba ta yi wannan nauyi ba.

Abin lura shi ne, ko wannan ma shiri ne. An zaɓi ɗakin, an zaɓi inda haske zai faɗa, an maimaita daren ne shekara uku bayan wucewarsa. Ba a ɗauki hoton a lokacin da ake harbi ba. Wannan bai rage masa gaskiya ba, kamar yadda marsiyyar da aka tsara da ma'aunin waƙa da amsa-amo ba ta zama ƙarya don an zauna an auna baitocinta.

Hakan ya ƙara fitowa a babban aikinsa na 2015 zuwa 2016 mai suna SIXSIXSIX. Kafin wannan, a farkon shekarar 2014, an wawashe gidansa da shagonsa na Bangi a lokacin rikicin ƙasar, yana Faris. Wasu 'yan jarida da wani ma'aikacin kare haƙƙin ɗan'adam ne suka tsinto dubban dodannin hotunansa a warwatse a ƙasa. Bayan wannan asara sai ya zauna a gaban babbar kyamarar Polaroid, wadda kan fito da hoto nan take, kwafi ɗaya tak, ya ɗauki fuskarsa sau 666. Bango ɗaya ne, haske ɗaya ne, daga kafaɗa zuwa sama, babu riga. Abin da ke sauyawa kawai shi ne yanayin fuskar: nan baƙin ciki, can mamaki, can an rufe ido.

Idan akwai wurin da ya dace a tambayi fuska labarin zuciya, to, nan ne. Amma wace fuskar za a tambaya daga cikin 666? Kowace ɗaya tana ba da nata labari, kuma duk mutum ɗaya ne ya yi su da gangan, ɗaya bayan ɗaya. Aikin ya nuna cewa ita ma fuskar ana iya sanya ta a tuɓe kamar riga. Ƙarfinsa yana cikin yawan da maimaicin, wato mutum ya rasa taskar aikinsa ya zauna yana ƙirga abin da ya rage masa. Rauninsa kuma a nan yake, domin idan aka ciro hoto ɗaya aka ajiye shi kaɗai, da wuya ya riƙe mai kallo kamar yadda hoto ɗaya daga cikin na dare ke yi.

Inda Muke Ganin Ya Gaza

A shekarar 2008 Fosso ya fito da jerin African Spirits, hotuna 14 na baƙi da fari, inda ya sake tsara sanannun hotunan mutane irin su Kwame Nkrumah da Patrice Lumumba da Nelson Mandela da Haile Selassie da Angela Davis da Malcolm X da Muhammad Ali, shi ne kuma a matsayin kowannensu. Gwanintar ba ta da abin kushewa, kuma nufin girmama magabata a fili yake. A shekarar 2013 ya yi shigar Mao Zedong domin ya yi tsokaci a kan shigowar ƙasar Sin cikin harkokin Afirka, a 2017 kuma ya yi shigar Fafaroma baƙar fata.

A waɗannan biyu na ƙarshe musamman, muna ganin ra'ayi ya rinjayi zuciya. Da zarar mai kallo ya gane abin da ake nufi, to, hoton ya gama aikinsa, babu abin da zai sa ya sake komawa. Ana iya faɗin jigon a jimla ɗaya ba tare da an yi asarar komai ba. Kayan sun fi na dā tsada, ɗaukar ta fi ta dā tsabta, amma ba mu ga abin da mai hoton ya sa a kasada ba. Wani gwanin ma zai iya sanya rigar Mao ya isar da wannan saƙo. Takalma masu tudu na shagon Bangi kuwa, babu wanda zai sa su su faɗi abin da suka faɗa sai yaron da aka yi zaton ba zai taka ba. Idan muka kwatanta da jerinsa na 2003, inda ya yi shigar mai maganin gargajiya domin cika burin kakansa na ya gaje shi, za mu ga bambancin. Ita ma rigar aro ce, amma bashi ne yake biya da ita.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya cewa yawan ado ko rashinsa ba shi ne ma'aunin gaskiyar hoton kai ba. Mun ga hoton da aka cika da kaya ya faɗi abin da ke zuci, mun ga wanda aka tuɓe ya faɗa, mun kuma ga wanda aka kashe wa dukiya ya tsaya a ra'ayi. Tambayoyin da suka fi amfani ga mai tarke su ne: shin kowane abu da aka sa a cikin hoton akwai larurar da ta kawo shi? Shin an ɓoye wa mai kallo cewa shiri ne, ko an bar shi ya gani? Wa ake yi wa magana? Me mai aikin zai rasa idan aka gane shi?

Waɗannan tambayoyi sun shafe mu ta fuska biyu. A yau kusan kowane ɗalibi na da kyamara a wayarsa, yana ɗaukar kansa, yana goge tabo yana ƙara haske kafin ya watsa. Laifin wannan bai taɓa zama gyaran ba, domin iyayenmu ma sun sha tsayawa a gaban labulen mai hoto ranar Salla cikin babbar rigar da ba kullum ake sa ta ba. Abin dubawa shi ne ko akwai wani da ake nufi da hoton, da wani abu da ake son ya sani. Ta fuskar rubutu kuwa, muna jan hankalin masu aiko da waƙoƙi da gajerun labarai cewa kalmar "ni" da ambaton hawaye ba su isa shaidar gaskiya ba. Mai yiwuwa abin da ya kasa fitowa da sunan marubuci ya fito a bakin wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, ko a cikin raha, ko a cikin abin da aka ƙi ambata saboda kara. Wanda ya zaɓi ya yi magana da fuskarsa kuma, ya sani cewa ita ma sai an zauna an tsara ta, kamar yadda ake tsara baiti.

Karin maganar magabata suna nan daram, iyakarsu ce muka yi ƙoƙarin nunawa. Ana tambayar fuska labarin zuciya a zaman yau da kullum, inda mutum bai shirya ba. A aikin fasaha kuwa an riga an shirya, don haka sai a haɗa da tambayar rigar da labulen da wanda aka aika wa hoton.